Saura Ƙwai Ɗaya

Mijina bai taɓa ganin na'urar da ta fi ƙarfinsa ba. Ko ka nuna masa wadda masu ƙera ta suka manta yadda take aiki, zai karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Na san ta." Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Na-San-Ta ake ce masa, yana kuma amsawa da fara'a, don a ganinsa sarauta ce aka naɗa masa.

Teburinsa yana ƙofar shagona na gyaran gashi. A kansa akwai ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girman abu, da gwangwani cike da kusoshin da suka yi saura bayan ya gama gyaran kayan mutane. Iliminsa kaf daga bidiyon waya ya kwaso shi, kuma ban taɓa ganin ya kalli ɗaya har ƙarshe ba. Kafin mai bayani ya kai wurin da zai ce a kula, shi ya riga ya ajiye wayar ya ɗauki sukundireba. Fankar ɗakinmu, tun da ya gyara ta, rufin ɗaki take yi wa fifita. Ina sonsa, kada a ce ban faɗa ba, amma son bai hana ni kulle na'urar busar da gashina a duk lokacin da zan fita ba.

Wata Asabar muka je gaida Baba. Mahaifina shekara talatin da biyar ya yi yana buga takardu a ofis, kuma tun rasuwar Inna bara ya koma mutum mai amsa gaisuwa kawai. Muna zaune, idon mutumin nawa ya faɗa kan wani abu a saman kabad, an lulluɓe shi da tsohon zane.

"Baba, waccan ba kwamfuta ba ce?"

"Da ce," in ji Baba. "Ta yi shekara ashirin ba ta buɗe ido ba."

"Na san ta," in ji shi, tun bai ɗaga zanen ba.

Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Aka sauko da ita. Akwati ce mai nauyin buhun siminti, da allo mai ƙeya, da farantin maɓallan rubutu, duk sun yi rawaya don tsufa. Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya tashi ya buɗe aljihun tebur, ya ciro ambulan, ya zaro wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu, bai fi tafin hannu ba.

"Ba aikin ofis nake so ta yi ba," ya ce. "A cikin faifan nan akwai wani wasa. Kaza ce take yawo a saman allo tana sakin ƙwai, kai kana ƙasa da kwando kana tarewa. Kowane ƙwai maki goma. Uku suka fashe, ka faɗi. Mahaifiyarku kullum cewa take yi wasan yara ne, ni da furfurata ban ji kunya ba. Ran nan ta ɗora tukunya, ta zauna ta ce bari ta gani. Kafin ruwa ya tafasa ta ci ɗari shida da arba'in."

"Kai fa, Baba?" na tambaya.

"Shekara tara ina bi, ban wuce ɗari biyar da goma ba." Ya juya faifan a hannunsa. "Wasan suna ɗaya yake riƙewa, na wanda ya fi kowa. Duk wanda ya wuce, tsohon sunan ya goge ke nan, ba ya dawowa. Abin da ta rubuta da hannunta yana nan ciki. A kunna, in gani, a kashe. Kada kowa ya buga."

"Baba, ka ɗauka an gama," in ji maigidan. "Kwana bakwai. Za ka ganta kamar yau aka ciro ta daga kwali."

Baba ya mai da faifan cikin ambulan ya sa a aljihun gaba. Ya ce sai ranar da aka gama gyaran zai kawo shi da kansa, ni kuwa na gode wa Allah a zuciyata.

Kafin mu kai gida, gyaran kwamfuta ɗaya ya zama buɗe Cibiyar Farfaɗo da Tsoffin Kwamfutoci. Za a yi taro, za a kawo benci, za a kunna ta a gaban jama'a, daga nan duk mai tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado zai yi layi a ƙofar shagona. Na ce masa Baba ba taro ya nema ba. Ya ce ai ni ban san kasuwanci ba.

Ranar farko ya ɓamɓare maɓallan gaba ɗaya, ɗari da ɗaya, ya zuba su a kwamin da nake wanke wa mata kai. Ya kwarara sabulun gashi, ya cuɗa, ya zare toshiyar kwamin don ruwa ya tafi. Ruwa ya tafi, ya kuma tafi da uku.

"Ka ɗauki hotonsu kafin ka cire?" in ji Tela, maƙwabcinmu na dama, wanda ɗinki ba ya hana shi sa ido a harkar kowa.

"Hoton me?"

"Don ka san inda kowanne yake."

"Haba Tela. Wanda ya yi makaranta yana neman hoto ya jera baƙaƙe? Ai dama a hargitse na same su. Masu ƙera ta ne suka yi gaggawa."

Ya jera su tsaf, A, B, C, har ƙarshe. Gurbin ukun da suka bi rariya kuwa, ya roƙi maɓallan riga a wurin Tela ya liƙa da gam, biyu farare, ɗaya ja mai rami huɗu. Tela ya ce in ya so zai ƙara masa da aljihu.

Rana ta biyu aka zo kan rawayar jikin akwatin. Ya ga a bidiyo cewa ana shafa wa tsohuwar roba irin man da muke sa wa gashi ya yi haske kafin rini, a naɗe da leda, a shanya a rana. Ina da gwangwani ɗaya tak, na kuma tanade shi ne saboda Hajiya Mai Tabarau, wadda ta fi shekara goma ba ta kai kanta wani shago ba. Na gama mata ɓangaren dama, na juya in ƙara ɗiba, na tarar da gwangwani fes, har an goge bakinsa da yatsa.

Na leƙo waje. "Maigida, ina man da ke nan?"

Ya nuna rufin shagon da haɓa. "Yana aiki."

Hajiya ta dubi madubi, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Rabin kanta ruwan zuma, rabi baƙi wuluk.

"Ɗan nan," ta ce masa, "kaina ka raba da talabijin?"

"Kwamfuta ce, Hajiya."

"To ka gaya mata ta je bikin jikata gobe, tunda ita aka yi wa kwalliya."

Awa huɗu bidiyon ya ce a shanya, kamar yadda na gani da idona daga baya a minti na tara. Shi a minti na uku ya tsaya. Kwana biyu akwatin ya yi a kan kwano yana shan rana. Da aka sauko da shi, inda leda ta manne ya yi fari tas, inda ta tattare ya tsaya da rawayarsa, ya fito dabbare-dabbare kamar ɗan akuya. Gaban ya ɗan lanƙwashe wajen bakin da ake zura faifai. A samansa kuma ga shatin tafin hannun mai gyara, yatsu biyar cif.

"Alamar kamfani ce," ya gaya wa Tela.

"Ta yi kyau," in ji Tela. "Ko an sace ta, 'yan sanda ba za su sha wahalar gano mai laifi ba."

Rana ta biyar ya jona ta da wuta. Ina ciki na sa wata amarya ƙarƙashin na'urar busar da gashi, sai na ji ƙyas, fitila ta mutu. Keken Tela ya tsaya a tsakiyar wuyan riga. Firjin mai kanti ya yi shiru. Shago tara a layin, kowa ya fito, ba kuma wanda ya tambayi ko daga ina ne. Kai tsaye suka nufo teburin.

"Daga can ne suka ɗauke," in ji shi, yana tura soket ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Mai Rediyo ne ya zo ƙarshe. Dattijo ne da ke gyaran rediyo a ƙarshen layin tun kafin a haife ni, maganarsa a rana ba ta cika goma ba. Ya buɗe akwatin, ya leƙa, ya sa yatsu biyu ya zaro cokalin shayina daga ciki.

"Da shi na tokare allon," in ji mijina.

Mai Rediyo ya ajiye cokalin gefe. Ya juya wata waya da aka soka a baibai, ya sake fis ɗin layin, wuta ta dawo, ya hura ƙura, ya danna makunni. Fanka ta yi gurnani, akwatin ya yi ƙara ɗaya siririya, koren rubutu ya fito a allo.

"Ka gani?" in ji Na-San-Ta ga jama'a. "Daidai inda na tsaya ya ƙarasa."

Mai Rediyo ya nuna wani ɗan abu mai ruwan ƙwai a kusa da inda wuta ke shiga, girmansa bai fi ƙwayar dabino ba, jikinsa duk tsaga. "Wannan 'yar abar, kwandansa muke ce mata, ta gaji. In ta yi zafi za ta fashe. Ka zo in ba ka sabuwa."

"Sabuwa? A kayan tarihi? Malam, mu a fanninmu ba ma taɓa kayan asali."

Mai Rediyo ya dubi maɓallin riga ja, ya dubi shatin hannun, ya koma shagonsa. Bayan tafiyarsa maigidan ya ga wasu wayoyi biyu da ke zuwa wani ɗan maɓalli a gaban akwatin, ya ce dattijon ya bar aiki rabi, ya musanya su. Makunnin baya kuma ya ga yana girgiɗi, ya cika shi da gam. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, an faɗa, amma nasa har da kwaɗo.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu aka jera benci shida. An rataya kyalle mai sunan Cibiya, an aro lasifika. Wayar wuta maigidan ya bi da ita ta taga zuwa cikin shagona, ya kulle ƙofar, ya jefa makulli a aljihu, wai kada wani mai hassada ya zare. Mutane sun cika, don layinmu ba a taɓa kiran taron Na-San-Ta an koma gida ba labari. Har Hajiya Mai Tabarau ta zo, ta ɗaure kai da ɗankwali biyu, ta zauna a gaba.

Baba ya iso da farar rigarsa ta zuwa ofis, ya sha guga. Ya ga benci, ya ga kyalle, ya ga abin da ya zama na kwamfutarsa.

"Wannan tawa ce?"

"Ita ce, Baba. An sabunta ta."

"Allah ya ba ta haƙuri," in ji Baba, ya miƙa faifan.

Da ƙyar ya shiga, sai da aka danna shi da babban yatsa saboda lanƙwasar bakin. Maigidan ya yi jawabin minti goma sha biyar, ya ambaci kansa sau ashirin, sannan ya zauna zai rubuta kalmar da ke kiran wasan. Baba ya ce KAZA ake rubutawa. Ya nemi K ya danna, wani baƙi daban ya fito. Ya danna A, aka ba shi Q. Ya goge, ya sake, kwamfuta ta ce ba ta gane ba.

"Yaren da ne," ya faɗa a lasifika. "Sai an bi ta a hankali."

"Ko a kira mata tafinta?" in ji Tela.

Baba ya taɓa kafaɗarsa. "Ɗan matsa, ɗana."

Ya zauna, ya ɗora yatsu takwas a layin tsakiya, ya ɗaga kai yana kallon sama. Bai dubi maɓalli ko ɗaya ba. Tas, tas, tas, tas. Faifai ya yi ƙugi. Wata kaza mai kusurwoyi ta fito tana taku a saman allo, a ƙarƙashinta lamba 640, kusa da lambar kuma baƙaƙe takwas: SANNUDAI.

Ashe ba sunanta ta rubuta ba. Shekara tara, duk ranar da Baba ya faɗi, abin da allo ke ce masa ke nan. Na ji muryarta sak, yadda take faɗa tana wucewa da tire ba tare da ta kalle ka ba. Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu, leɓensa yana motsi.

Da a nan aka tsaya, da mijina ya ci riba. Amma ya duba ya ga duk ido yana kan Baba, ba mai kallon shugaban Cibiya.

"Jama'a, wannan somin taɓi ne," ya ce. "Yanzu za a gwada ƙarfin injin."

Baba yana tashi maigidan ya faɗa kujerar ya danna dogon maɓalli. Kaza ta saki ƙwai.

"Maigida, Baba ya ce kada a buga."

"Gwaji ne. Ba a miƙa aiki ba gwaji."

"Bar shi," in ji Baba a hankali. "Ba zai kai ɗari ba."

Ni ma haka na zata. Mutumin da ba ya iya cafe makulli in an jefa masa daga taku biyu. Sai dai ƙwan nan bai faɗo ba, saukowa ya yi a natse kamar gashin tsuntsu. Mijina ya kai kwando, ya jira, ya gyara hula, ƙwai ya shiga. Na biyu ma haka. Ɗari. Ɗari biyu. Jama'a suka fara ƙirgawa da baki ɗaya.

Baba ya mai da tabarau. "Ba haka take gudu ba. A hannun mahaifiyarku ƙwan nan kamar ruwan sama yake zuba."

"Wayoyin saurin ya juya," in ji Mai Rediyo daga bayanmu. "Ya mai da ita rarrafe. Yanzu ko makaho zai ci."

Ɗari huɗu. Na dubi Baba. Ba mutum ne da zai daka wa surukinsa tsawa a gaban jama'a ba, ko gidansa ake rushewa. Ya dai dafa benci ya zauna, fuskarsa ta koma yadda take ranar da muka dawo daga asibiti ba tare da Inna ba. Tsoro ya kama ni sosai.

"Maigida, don Allah ka tsaya."

"Yanzu, yanzu. Kin ga ɗari biyar? Baba shekara tara, ni minti biyar."

Na zaga baya na danna makunni, gam ya riƙe shi kamar dutse. Na danna abin fitar da faifai, lanƙwasar ta hana. Na ruga ƙofar shagona, a kulle.

"Ba ni makulli."

"Ɗari biyar da tamanin!" in ji jama'a.

Na kama hannunsa na dama, ya ci gaba da na hagu. Na kama na hagu, ya sa haɓa. Hajiya Mai Tabarau, da ta gane abin da ake ciki, ta tashi tana maka masa jaka a baya. Tela ya kama wayar yana ja, taga ta datse ta. 'Yan bencin baya kuwa sun ɗauka duk cikin shirin ne, sai tafi suke yi.

Ɗari shida da ashirin. Da talatin. Da arba'in. Lambarsa ta yi daidai da ta Inna. Kaza ta yi taku uku, ta tsaya, ta saki ƙwai, kuma kwandon yana daidai ƙarƙashinsa, ko motsi ba ya bukata. Mijina ya janye hannuwansa, ya ɗauki lasifika, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku shaida. Za a rubuta sabon suna a tarihi."

Ƙwai ya wuce rabin allo. Baba ya rufe ido.

Fau!

Allo ya yi baƙi. Wani farin hayaƙi mai kauri, mai warin ƙonannen sukari, ya turnuƙe daga bayan akwatin ya rufe shugaban Cibiya tun daga ƙirji har hula. Bencin gaba ya kife a kan na biyu. Mai lasifika ya fizge kayarsa ya yi gaba. Tela, da ke ja da iya ƙarfinsa, wayar ta kuɓuce masa, ya zauna daɓas a cikin bokitin ruwan wankin kai da na bari a ƙofar shago. Ɗankwalin Hajiya na sama ya tafi, na ƙasa ya bi shi, duk layin ya ga kai mai launi biyu, ba kuma wanda ya samu sukunin yin dariya sai daga baya.

Da hayaƙin ya lafa, mijina yana tsaye yana tari, idanu jajur.

"Dama haka take yi in ta gama," ya ce, amma a hankali ya faɗa.

Mai Rediyo ya zaro sukundireba daga aljihu, ya ɗan ɗaga bakin akwatin, ya ciro faifan da yatsu biyu. Ya duba gaba, ya duba baya, ya shinshina, sannan ya juya wajen Baba.

"Ƙwan bai shiga ba, ba ta rubuta komai ba. Lafiyarsa lau. Ka kawo min akwatin Litinin, Malam. Kai kaɗai."

Baba ya karɓi faifan, ya goge da gefen rigarsa, ya sa a ambulan, ya mai da aljihun gaba, ya dafa wurin. Sannan ya taka zuwa gaban surukinsa. Mijina ya cire hula. A shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ranar na fara ganin ya rasa abin faɗa, har ya ba ni tausayi.

"Baba, ni fa..."

"An rage mata gudu, an riƙe maka kwando, jama'a suna maka tafi," in ji Baba. "Ita kuma tana kabari. Duk da haka ba ka wuce ta ba."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, na matso da sauri. Dariya ce, irin wadda rabona da ji daga bakinsa tun Inna tana da rai, har yana dafa tebur yana share ido. Da ya samu numfashi, ya ɗan bubbuga kafaɗar mijina, ya karkata kai yadda take yi.

"Sannu dai," ya ce.